Madubin Baba da Jan Zanen Mma

Babana ya shekara talatin da takwas yana yi wa uwata ƙarya guda, sau ɗaya a shekara, ni kuma na san da ita tun ina 'yar shekara goma sha tara. Na faɗi haka tun farko don kada wani ya ce na zo wanke shi ne. Ban zo wanke shi ba. Sai dai duk faɗin Nima, unguwarmu a Accra, babu mutumin da nake ƙauna kamarsa, don haka a yi mini haƙuri idan na ɗan ja labarin.

Sunansa Ishawu. Daga wani ƙauye kusa da Dogon Dutsi ya zo, a ƙasar Nijar, yana saurayi, da riga biyu da buta. Ya yi dako a kasuwa har wuyansa ya kusa shigewa cikin kafaɗa, sannan Allah ya haɗa shi da masu awon ƙasa. Shi ne mai ɗaukar musu kaya, shi ne mai tsayawa cikin rana riƙe da doguwar sanda mai lambobi, su kuma suna leƙensa daga nesa. Shekara bakwai ya yi a haka, ya taka ƙasar nan da ƙafarsa daga bakin teku har gindin duwatsu. Ranar da aka kawo musu sababbin kayan aiki, shugabansu, wani dattijo ɗan ƙabilar Ga, ya ɗauki tsohon madubin hangen nesa da za a jefar ya miƙa masa. Bututu ne na tagulla, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba, yana zaune kan ƙafafun katako uku. Aibinsa ɗaya ne: duk abin da ka duba a ciki, a kife za ka gan shi.

Da wani ne, da ya sayar da tagullar ya ci tuwo. Baba sai ya rungumi abinsa ya hau dutse.

Wanda ya taɓa bin hanyar Aburi ya san wurin. Ka wuce Madina, ka wuce Adenta, hanya ta fara naɗewa tana hawa, sai ka kai wata kwana inda ƙasa ke buɗewa gaba ɗaya, ga Accra nan shimfiɗe har teku. Iskar wurin sanyi gare ta, ba ta ɗauke da warin kwata ko hayaƙin gawayi. Can gaba kuma akwai babban lambun shaƙatawa na Aburi, da jerin dogayen itatuwa da ciyawar da mutum zai kwanta a kai ba ya tsoron fasasshiyar kwalba. A wannan kwanar Baba ya kafa ƙafafunsa uku. Litinin zuwa Juma'a yana gadin wani shagon katako a Kokomlemle, Asabar da Lahadi yana can sama yana nuna wa mutane birninsu a kife, kowa ya jefa masa abin da ya sawwaƙa.

Babbar ranarsa kuwa ita ce washegarin ƙaramar Sallah. A lungunmu, lokacin ina yarinya, ranar nan ba a zama gida. Akan ɗauki hayar trotro, wato ƙananan bas na haya, biyu ko uku, a cusa kuloli da tabarmi da ganguna da yara masu sababbin takalman da ke cizonsu, a kama hanya ana waƙa. Sai an tsaya a kwanar Baba kafin a ƙarasa lambu. Mu da muka tashi a ɗakunan da in ka miƙe hannu za ka taɓa bangon maƙwabci, ganin sarari haka kawai ya isa ya sa mu ihu. Har yau idan na ji ƙamshin ciyawar da aka yanka, ranar nan nake tunawa, sai in ji zuciyata ta yi nauyi.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa zuwa ba, uwata, Amama, wadda kowa ke kira Mma. Ita haifaffiyar Maamobi ce, Hausarta a cakuɗe take da yaren Twi da na Ga, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta, abin da Baba ya kusa shekara arba'in yana gyarawa bai ci nasara ba. Sana'arta wake da shinkafa, wanda nan ake kira waakye, a bakin titi. Makon Sallah ne babbar kasuwarta, don matan unguwa sun gaji da girki, kowa na neman na saye. Barin tukunya a ranar, a wurinta, hauka ne.

Shekarar da aka yi aurensu, ana gobe tafiya, sai ta yi masa ƙorafi irin na amare. Ta ce yana nuna wa duniya Accra, ita ko ya taɓa ganinta? Shi kuma, da bakin sabon ango, ya ce ta shanya wani abu ja a kan rufi, zai gani. Da sassafe bayan ya fita, ta aro tsani, ta hau rufin kwanon, ta shimfiɗa jan zanen aurenta, ta danne kusurwoyinsa da duwatsu huɗu. Da yamma ya dawo ya ce ya gani. Ranar an zuba masa ƙwai biyu da ganda a kan shinkafarsa, kuma kafin magariba duk lungu ya ji.

Shekara ta zagayo, sai ga rufin lungunmu kamar ranar wanki. Kowane gida da launinsa. A can sama kuma Baba yana da tsarinsa, ba ya gaggawa. Zai buɗe ƙafafun, ya dinga murɗa ƙusoshi har ɗan kumfan da ke cikin gilashi ya tsaya a tsakiya, fuskar nan a ɗaure kamar mai yanke hukunci. Sai ya fara da abin da kowa ya sani: ga hasumiyar jami'ar Legon a rataye, ga jirgi ya tashi daga filin jirgi amma a madubi yana nutsewa ƙasa, ga teku a sama inda girgije ya kamata ya kasance. Idan ya ga an saki jiki, sai ya tambayi launin da gidanku ya shanya. Ya juya bututun a hankali, ya tsaya, ya ja da baya ya ce ka duba. Kuma wallahi za ka ga ɗigon launin nan yana rawa. Hajiya Wadia, maƙwabciyarmu, ba zanenta rawaya kawai ta gani ba, har ta ga iska ta naɗe gefe ɗaya, ta dawo gida ta yi wa mijinta tas don bai ɗora dutse mai nauyi ba.

Ni ce na ɓata wa kaina wasan. Lokacin ina koyon ɗinki a Madina, na san unguwar lungu-lungu. Baba ya saita madubi ya ce in zo in ga zanen Mma. Na sa ido, na ga ja, na ƙara dubawa, sai na ga famfunan mai guda biyu rataye a jikinsa. Rufin gidan man da ke kusa da shagon uwar ɗakina ne. Na jira mutane suka wuce lambu, na tsaya a gabansa na faɗa masa abin da na gani, da irin zafin kan 'yar shekara sha tara da ta kama babba.

Bai yi musu ba. Ya ce daga nan ba a ganin Nima, ko masu sabon madubi ba za su ga zane ba. Ya ce shekarar farko ya duba da gaske, ya duba har idonsa ya yi ruwa, bai ga komai ba sai toka-toka. Ya dawo da niyyar faɗin gaskiya, ya tarar da ita tsaye a bakin ƙofa, hannu duk baƙin tukunya, tana jiransa. Kafin ya yi tunani bakinsa ya riga ya amsa.

"Abiba, ɗiyata," ya ce, "kada uwarki ta ji."

Ban faɗa ba. Amma na riƙe abin a raina, kuma ba da daɗi ba.

Zamani ya yi ta tafiya. Wayoyi suka zo, kowane yaro yana jawo nesa kusa da yatsu biyu. Matasa suka koma bakin teku ranar Sallah. Gidajen lungunmu suka daina shanya, ɗaya bayan ɗaya, wasu sun tashi, wasu sun rasu. Idon Baba ya fara yana, har ya bar gadi, ya rage hawa dutse sai jefi-jefi. Amma washegarin Sallah ba ya fashi, Mma ma ba ta fashi. Sau nawa na zo gida da safe na tarar da ita a tsakiyar tsani, mace mai jiki, gwiwoyi a kumbure, zane a kafaɗa, tana hawa tana nishi. In na ce ta bari in hau mata, sai ta ce in je in duba wuta. Nakan tsaya riƙe da ƙafar tsanin ina cizon leɓe, ina jin haushin Baba, ina kuma jin haushinta da ta kasa ganewa. Da yamma shi ya dawo ya ce ya gani, ita ta zuba masa ƙwai biyu.

Bana magadan mai gidan da iyayena ke haya suka sayar da shi. Wanda ya saya zai rushe ya gina shaguna hawa uku, ya ba mu zuwa Litinin ɗin bayan Sallah. Ni da mijina Ganiyu, direban trotro ne, muka gyara ɗaki ɗaya a gidanmu na Madina don su dawo wurinmu. Mma ta rarraba manyan tukwanenta, ta ce ta gama da bakin titi. Sai ran nan, tsakiyar azumi, ana gama shan ruwa, ta aje kofinta ta ce tunda bana babu tukunya, ita ma za ta hau dutse. Tana so ta ga rufinta daga sama kafin a cire shi.

Na dubi Baba. Dabinon da ke hannunsa bai kai baki ba.

Daga ranar ya shiga neman mafita, kuma bai iya ba, don ƙarya ɗaya kaɗai ya ƙware a kai duk rayuwarsa. Ya ce hanyar tana sa jiri, ta ce za ta tsotsi lemun tsami. Ya ce sanyin wurin ba zai yi wa gwiwarta daɗi ba, ta fito da safa. Ya ce ƙafar madubin ɗaya ta tsage, washegari ta kai wa kafinta da kanta aka ɗaure da ƙarfe. Ya ce ai Sallar bana ta faɗo cikin damina, ƙila a yi ruwa, ta ce shi ba Allah ba ne.

Saura kwana uku Sallah, ina tsakiyar ɗinkin mutane, kaina kamar zai tsage, sai ga shi a ƙofar shagona. Bai taɓa zuwa ba. Ya zauna kan benci cikin ƙyallaye, ya daɗe yana juya hularsa, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Idonsa ba ya iya tsinto ɗigon ja yanzu. Yana so ranar in tsaya kusa da shi, in nemo masa wani jan rufi, in saita, shi kuma ya yi maganar.

Na tsayar da keke na faɗa masa maganganun da na shekara goma sha bakwai ina tarawa. Na ce ya isa. Na ce ya zaunar da ita ya gaya mata gaskiya, ba za ta cinye shi ba. Ya saurare ni har na gama.

"Ba faɗanta nake tsoro ba," ya ce. "Sau talatin da takwas ta hau tsanin nan. In ta san babu mai gani, mi zan ce mata game da gwiwoyinta?"

 Tausayinsa ya kama ni, haushin kuma bai tafi ba. Na ce to, na koma kan keke.

Washegarin Sallah muka iso Nima da ƙarfe bakwai a motar Ganiyu. Tsani na jingine a bango. Na tambayi Mma ko har ta hau, ta ce ta gama komai, in ɗauki kula in sa a mota. Mutum tara ne kawai muka tafi, yawanci tsofaffin lungu, babu ganga babu waƙa. Baba ya zauna a baya rungume da madubi. Mma kuwa ta kama bakin taga tana sharhi kan duk abin da muka wuce. Da muka fara hawa kunnenta ya toshe, ta ce a tsaya, hawan jininta ya tashi, sai da Ganiyu ya rantse mata kowa haka yake ji.

Kwanar ta canza. Ga masu motsa jiki da kayan roba, ga mai sayar da kwakwa da kiɗa a akwati, an kuma sa sabon shingen ƙarfe. Iskar dai tana nan yadda na san ta. Mma ta sauko, ta dafa shingen, ta zuba wa birnin ido. A rayuwata ban taɓa ganin wani abu ya rufe mata baki haka ba.

Baba ya buɗe ƙafafun. Kumfan ya ƙi tsayawa a tsakiya, na yi kamar ina taya shi riƙewa na saita. Na sa ido na yi ta lalube cikin birnin da ya ninka wanda na sani sau biyar, har na samu wani jan rufi, Allah kaɗai ya san na wane ne. Na taɓa gwiwar hannunsa. Ya sunkuya ya leƙa, ko ya yi kamar ya leƙa, ya ja da baya.

"Amama, ga shi nan."

Ta miƙa mini jakarta, ta sunkuya da ƙyar, ta rufe ido ɗaya da tafin hannu. Ta daɗe. Ta ce ashe da gaske teku a sama yake. Sannan ta tambaya ko wannan jan ne, Baba ya ce shi ne.

"Ja paa," ta ce, wato ja sosai.

Ta miƙe, ta ce ƙafarta ta gaji, a nemi inuwa. Ta karɓi jakarta, ta taka zuwa gindin wata itaciya a gefen hanya, ta zuge jakar, ta zaro jan zanen aurenta. Ya koɗe, gefensa duk tabon tsatsar kwano. Ta kakkaɓe shi sau biyu, ta shimfiɗa a kan ciyawa, ta zauna a kai ta miƙe ƙafa.

Ganiyu ya tuna yana da tayar da zai duba. Tsofaffin lungu suka ga mai kwakwa ya ba su sha'awa. Ni kam na tsaya ina kallo. Baba ya tsaya dafe da madubinsa, ya dubi zanen, ya dubi ƙasa.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

"Shekaran da na haifi Abiba. Cikin ya yi nauyi, ban iya hawa tsani ba koraa, ko taki ɗaya. Zanen yana cikin akwati. Ka dawo ka ce ka gani."

"To mi ya sa kinka ci gaba da hawa? Da gwiwoyin nan?"

Mma ta gyara ɗankwalinta. Ba ta ɗaga murya ba, ita da ake jin kiranta daga bakin titi har masallaci.

"Maigida, daga saman kwanon ana ganin dutsen nan. Shuɗi-shuɗi, can bayan Legon. Kai ba ka ganina, ni ina ganin inda kake. In na danne zanen, sai in zauna kaɗan in duba. Kuma nan ne kawai ba wanda zai ce mini Mma ƙara miya."

Kunya ta rufe ni. Shekara goma sha bakwai ina riƙe wa matar nan tsani, ina kallonta a matsayin wadda aka yi wa wayo, ban taɓa tambayar me take daɗewa tana yi a sama ba.

Baba ya tako a hankali ya tsaya a bakin zanen.  Ya tambaye ta, tunda ta yi shiru duk shekarun nan, me ya sa yau, a gaban mutane.

"Ran Litinin za su cire kwanon," ta ce. "Ba na so ka kwashi kayan ƙaryan nan ka kai gidan Abiba. Ɗakin ƙarami ne. Zauna."

Ya cire takalmi ya zauna a gefe, can bakin zanen, kamar baƙo. Ta jawo hannun rigarsa har ya matso. Hawaye na bin gemunsa, bai share ba, ita kuma ta yi kamar ba ta gani ba, ta ce in kawo kula. Ta zuba masa da hannunta. Ya ci kaɗan.

Da suka gama ta ce yanzu ya nuna mata Nima ta gaskiya. Ya taimaka mata ta miƙe, suka koma bakin shinge. Bai taɓa madubin ba. Ya tsaya ya ji inda iska ke fitowa, ya tambaye ni ina hasumiyar Legon take, na ɗora hannunsa a saitinta. Daga nan ya ja yatsansa kaɗan, ya tsayar, da tabbacin mutumin da ya auna ƙasar da ƙafarsa. Ya ce can ne, tsakanin nan da teku. Na bi yatsan da ido. Babu komai sai toka-toka da ƙyallin rana a kan kwanukan da ba su ƙirguwa. Mma ta tsaya tana kallon wurin har Ganiyu ya gaji da tayarsa ya dawo, har masu motsa jiki suka watse.

Mun ƙarasa lambun daga baya. Ta taka ciyawar ba takalmi, ta ce da ta san haka take da ta bar tukunya ko sau ɗaya. Ta faɗa tana dariya, amma ni na ji zafin maganar, na san Baba ma ya ji.

Ranar Litinin da hantsi aka ɓare kwanon. Ganiyu ne ya wuce ta wurin ya zo ya faɗa mana. Su biyun suna zaune a ƙofar sabon ɗakinsu, Mma tana tsince wake a faranti ko da yake babu wanda zai saya. Ta tambaya ko an bar tsanin. Ya ce ma'aikatan ne suke hawa da shi.